Rigakafin ciwon ƙin abinci a jami'o'in Amurka

A ƙasar da manomi yake duban sama kowace damina, abin mamaki ne a ji wani na zaune kusa da tukunya cike yana kashe kansa da yunwa. Amma cutar tana nan, kuma likitoci sun daɗe da saninta. Tun shekara ta 1873 likita William Gull na Landan ya raɗa mata suna anoreksiya: yarinya ta ƙi ci don tsoron ƙiba, ta rame har ƙasusuwa su fito, amma in ta dubi madubi sai ta ga kanta ƙatuwa. A 1979 likita Gerald Russell ya bayyana ƙanwarta, bulimiya, wato a ci fiye da kima a ɓoye, sannan a jawo amai da gangan. Anoreksiya tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa.

Cututtukan ga sun fi kama ƴan mata, musamman daga balaga zuwa shekarun shiga jami'a. Yarinya ta bar gidan iyaye, babu mai lura da cimarta, ga hotunan siniman da na salula suna faɗa mata cewa kyau sai siririya.

Wajen magani, likitoci sun dogara ga hanyar gyaran tunani da hali, wadda Aaron Beck ya kafa a Amurka cikin shekarun 1960. Tushenta shi ne: abin da mutum yake faɗa wa kansa shi ke jan halinsa, in an gyara tunani sai hali ya bi. A 1981 Christopher Fairburn na jami'ar Oxford ya nuna yadda za a yi aiki da ita ga masu bulimiya. To, amma rigakafi ya fi magani.

Shi ya sa malami Eric Stice da abokan aikinsa suka tsara wani shiri mai kama da wagga hanya, mai suna Body Project. Ɗalibai mata kaɗan suke haɗuwa sau 4, sa'a guda kowane mako. Ba a yi musu wa'azi. Su da bakinsu suke lissafa hasarar da neman sirantaka take jawowa. Kowace ta rubuta wa wata ƙaramar yarinya wasiƙa tana gargaɗinta. A gida ta tsaya gaban madubi ta rubuta abubuwan da take so a jikinta da halinta. A cikin taro kuma shugabar rukuni ta yi kamar mai shirin barin abinci, su kuwa su hana ta da hujja. Hikimar ita ce, wadda ta soki wani ra'ayi a bainar ƙawayenta, da wuya ta koma ta riƙe shi a zuci.

An gwada an gani. A binciken da aka buga a 2008 kan ƴan mata 481, waɗanda aka bi har shekara 3, haɗarin kamuwa ya ragu da kashi 60 cikin 100 ga waɗanda suka shiga shirin, in an gwama su da waɗanda ba a yi wa komi ba. Malama Carolyn Becker ta jami'ar Trinity a jihar Teksas ta nuna kuma cewa ɗalibai da aka horar suna iya jagorantar ƴan uwansu, abin da ya rage tsada ƙwarai.

A nan gida matsin yakan bi ta wata fuska: akwai ƴan mata masu shan ƙwayoyin ƙiba ba da izinin likita ba, don a ce sun cika. Ko rama ake nema ko ƙiba, tushen guda ne, wato auna darajar ɗiya mace da sikeli. Ya kamata iyaye da malamai da ma'aikatan lafiya su ba ƴan mata wurin da za su tattauna zancen ga tsakaninsu, tun kafin ya kai ga gadon likita.