Turaren amarya: a gwada shi tun ba a sa ranar lalle ba

Da an gama kaka a ƙasar Dantchiao, gero ya shiga rumbu, an sayar da riɗi da wake da gyaɗa, sai bukukuwa su kankama. Masu haɗa lefe su bazu kasuwanni: wasu Magarya ko Dungas, wasu su ƙetara Maigatari ko Babura, masu hali su kai har Kano ko Kasuwar Dole ta Damagaram. Atamfa za a murza ta, a ɗaga ta a rana, a duba gefenta. Turare kuwa shi ne sayayyar ƙarshe, da ragowar kuɗi, kuma sau da yawa wanda ba zai shafa ba shi ke zaɓa. A buɗe murfi, a shinshina, a ce "wannan ya yi". Alhali duk kayan akwati babu wanda zai ratsa fatar yarinya, ya shiga huhunta, kamar shi.

Ƙamshin da ke bugun hanci daga murfi ba shi ne turaren ba. Sinadaran da suka fi saurin tashi ne, cikin ɗan lokaci sun gushe, sai na ƙasa su bayyana, su ne kuma za su wuni a jiki. Don haka a ɗiga a wuyan hannu, a tafi sauran cefane, a sake shinshinawa bayan awa biyu ko uku. Kada a gwada fiye da uku a tsayuwa ɗaya, domin hanci yana gajiya, ya daina rarrabewa. Kuma jiki ya bambanta: abin da ya zauna wa ƙawa daram yana iya yin tsami a jikin amarya. Lokaci ma yana da nasa hukunci. A bazara, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 a yankin Damagaram, turare mai nauyi idan ya haɗu da gumi a ɗaki cike da mata sai ya koma ciwon kai. A hunturu busasshiyar fata ba ta riƙe na fesawa, na mai ya fi daɗewa. Wanda ya iya karatun boko ya duba kwali: mai Eau de Parfum ya fi mai Eau de Toilette yawan man ƙamshi, Eau de Cologne shi ne mafi tsinkewa, bai kamata a saye su kuɗi ɗaya ba.

Sai maganar jabu, wadda ta fi yawa a inda kaya ke ƙetare iyaka a bayan babur. Oud na gaskiya daga itacen da ke tsiro a ƙasashen Asiya ake samunsa, ya yi ƙaranci har an sa masa dokar ciniki ta duniya, ɗan mitsitsinsa ya fi kuɗin akuya. Miskin da ke kasuwa yau kusan duk haɗin masana'anta ne. Wannan ba laifi ba ne, haɗin masana'anta mai kyau turare ne. Laifin shi ne a ce maka na asali ne a karɓi kuɗin na asali, ko a ɗura abin da ba a san ko mene ne ba a tsohuwar kwalbar kamfani. Ko Bintu Sudan, wanda kamfanin W. J. Bush na Landan ya fara haɗawa a 1920, daga baya aka riƙa yin sa a Kano, wanda kakanninmu suka yi aure da shi, bai tsira daga masu kwaikwayo ba. An sha kama turaren jabu a ƙasashe da dama da aka tsinka da metanol, sinadarin da ke iya lalata gani. A duba ko murfi a liƙe yake, ko rubutun kwali ya yi daidai da na kwalba, ko akwai sunan kamfani da jerin abin da aka haɗa. Kayan Najeriya a nemi lambar NAFDAC. Kwalbar da ta wuni a kan tire cikin rana har ruwanta ya yi duhu, ko ta gaskiya ce ta riga ta lalace.

Humra kuwa, wadda muka gada daga matan Barno da Shuwa, ba ta da kwali balle lamba. Mai haɗi ce ta san abin da ta zuba: sandal, farce, ƙajiji, ƙanumfari, da turarukan ruwa iri-iri. Akwai gwanaye masu amana, kuma a ganina humrarsu ta fi rabin abin da ake kira "ɗan Dubai". Amma ba rashin kunya ba ne inna ko gwaggo ta ce, "Hajiya, da me da me kika haɗa? Yaushe aka yi?" Wadda ta yarda da kayanta ba ta jin haushin wannan tambaya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙin da fata ke yi wa turare ba nan take yake fitowa ba. Yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin ƙaiƙayi da ƙuraje da kumburi su bayyana. Wato amaryar da aka shafa wa sabuwar humra ranar kamu, ranar kai ta ɗakinta ne wuyanta zai yi burɗin-burɗin, a fara zargin kishiya ko kambun baka. Sinadaran ƙamshi suna cikin manyan masu jawo irin wannan ciwon fata, shi ya sa ƙasashen Turai suka tilasta wa kamfanoni rubuta guda 26 daga cikinsu a kwali, a 2023 ma suka ƙara tsawon jerin. Mu maganinmu mai sauƙi ne: mako biyu ko uku kafin biki, a shafa ɗan kaɗan a cikin gwiwar hannu safe da yamma, kwana uku zuwa biyar. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, a ajiye turaren komai tsadarsa. Kowane iri a gwada shi shi kaɗai. A kuma tuna fatar da aka yi wa dilka da halawa ɗanya ce, wadda ta sha man bilicin ta fi ta rauni, kada a zuba mata turare a ranar. Wasu turarukan masu man ɓawon lemo suna barin baƙin tabo idan rana ta daki wurin, gara a sa su a tufafi. Baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi shi ma yana ƙona fata, a bi shi da irin wannan gwaji ko a haƙura da shi.

Inda rai ke shiga hatsari shi ne wajen kasko. Gawayi idan yana ci a ɗakin da iska ba ta shiga, yana fitar da guba marar launi marar wari, wadda ke hana jini ɗaukar iskar numfashi. Ƙamshin turaren wuta bai rage ta da komai ba. Lokacin sanyi ne aka fi yin biki, lokacin ne kuma ake toshe taga da tsumma, a lulluɓe amarya da bargo a kan kasko wai don ƙamshi ya kama jiki. In ta ce kanta na sarawa, ko jiri, ko tashin zuciya, kada arwanka ta ce shagwaɓa ce ko kukan rabuwa da gida. A fitar da ita fili nan take, in ta galabaita a nufi gidan likita mafi kusa. A turara ɗaki da kaya, a fitar da kasko, a buɗe ƙofa, sannan mutane su shiga, kuma kada ango da amarya su kwana da garwashi a ɗaki. Jarirai da masu asma da tsofaffi masu tari a nisanta su da hayaƙin. Turaren fesawa kuma yana kama wuta, leshi da mayafin roba suna narkewa su manne a jiki, ba a fesa shi kusa da garwashi.

Turaren tsugunno ma a yi hattara da shi. Gaban mace ba wurin zuba turare ko miski ba ne, fatar wurin ba ta jurewa, abin da ke biyo baya ƙaiƙayi ne da zafi da ciwon sanyi a makon farko na aure. Warin da ya ƙi jin wanka na ungozoma ne ko likita, ba na mai humra ba.

Ranar kamu, dangin ango su fesa a kan mayafi, ba a fuska ba. In ya shiga ido a wanke da ruwa mai tsabta da yawa, kada a murza. Shi ma ango ya gwada nasa tun da wuri, ya rage hannu a babbar riga, domin sahu zai shiga wajen ɗaurin aure kafaɗa da kafaɗa da dattawa. In da hali, a aika wa amarya da ɗan samfurin turarukan lefe tun kafin a kawo akwati, ta gwada, ta faɗi wanda jikinta ya karɓa.