Batir mai shan barasa: wuta ba hayaƙi, amma mansa guba ne

Duk wanda ya taɓa kwana janareta na ruri a bayan tagarsa ya san tsadar wuta ba ta tsaya a kuɗin fetur ba. Ga ƙara mai hana barci, ga hayaƙin da ya sha kashe mutanen gida guda cikin dare. Shi ya sa labarin wata na'ura mai ba da lantarki shiru, wadda ake zuba wa mitanol ko itanol, yake da daɗin ji. Dukansu dangin barasa ne, sai dai a nan mai ne na inji, ba abin kurɓa ba.

Na'urar kamar batir take, amma ba a yi mata caji. Mai na shiga ta gefe ɗaya, iska ta ɗaya gefen, tsakaninsu wata siririyar fata ta roba. Babu harshen wuta. Wani ƙarfe mai tsada, filatinom, shi ke farfasa man har lantarki ya fita ta waya, abin da ya rage ruwa ne da iskar kabon.

To me ya hana ta cika kasuwa? Kamfanin Toshiba ya gwada a Japan a 2009 da wata cajar waya mai suna Dynario, guda 3,000 kacal ya fitar, abin bai yi nisa ba. Matsalolin da masana ke fama da su har yau sanannu ne. Mitanol kan sulale ta cikin fatar nan ya tsallaka ɗaya gefen ya lalace a banza, dole a tsarma shi da ruwa sosai, ƙarfin wutar kuma ya ragu. Sannan filatinom ɗin kan toshe da dattin da aikin ke haifarwa, sai an gauraya shi da wani ƙarfen, rutiniyam, wanda shi ma ba araha ba. Itanol, da ake iya samu daga rake ko rogo, ya fi taurin kai, don sau da yawa bai gama farfashewa ba yake komawa ruwa mai tsami. Kada kuma kalmar "tsafta" da ake danganta wa wannan wuta ta ruɗe mu: yawancin mitanol na duniya daga iskar gas da kwal ake yin sa.

Abin da ya fi damuna ba na masana ba ne, na cikin gida ne. Mu ne masu ɗura kalanzir a gorar lemo mu tura ƙarƙashin gado. Mitanol fari ne tas kamar ruwan sha. Cokali guda na iya makantar da babba, 'yan cokula su kashe shi. A 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan shan giyar ogogoro mai mitanol. In mitanol ya kama da wuta da rana, harshensa ba ya ganuwa sosai, sai dai mutum ya ji yana ƙonewa.

Don haka in wannan na'ura ta iso hannunka, ko murhu mai amfani da irin wannan mai, bar man a mazubinsa na asali, a rufe, inda hannun yaro ba ya kaiwa. In wani ya sha, kada a tsaya ba shi madara ko manja, kada kuma a ce ai ga shi garau. Gubar kan yi awa 12 zuwa 24 kafin ta nuna kanta. A garzaya da shi asibiti nan take, a tafi da gorar.