Malamin da ba shi da birki: Yadda ƙungiyoyin mota a Amurka ke koyar da gudu

A duk ƙarshen mako, daga bazara zuwa kaka, ɗaruruwan mutane a Amurka kan tuƙa motocinsu na gida zuwa filayen tseren motoci irin su Watkins Glen da ke Jihar New York, da Road America a Wisconsin, da Laguna Seca a Kalifoniya. Likitoci ne da 'yan kasuwa da injiniyoyi da 'yan fansho, kuma abin da ya kai su shi ne koyon sarrafa mota cikin matsanancin gudu a wurin da aka tanada domin haka. Ba a ba da kofi, ba a fitar da gwani, ƙungiyoyi da dama ma sun hana auna lokacin da direba ya ɗauka yana zagaye. Suna taƙaita sunan shirin da HPDE, wato horar da direbobi a kan tuƙin gudu.

Manyan masu shirya irin wannan rana su ne ƙungiyoyin masu motoci, musamman Porsche Club of America da aka kafa a 1955 da BMW Car Club of America da aka kafa a 1969. Rassansu ne ke hayar fili, su karɓi kuɗin rajista, su nemo motar asibiti da masu ɗaga tuta. Amma ginshiƙin aikin duka yana wuyan malamai 'yan sa-kai, waɗanda ladansu galibi bai wuce rangwamen kuɗin shiga ko damar zagaya filin da tasu motar ba.

Mai karatu ya dubi matsayin wannan malami. Yana zaune a kujerar fasinja, cikin motar da ba tasa ba, kusa da mutumin da watakila da safiyar nan suka fara haɗuwa. Saɓanin motar makarantar koyon tuƙi, babu birki a gefensa. Motar na iya haura kilomita 200 a awa kafin ta tunkari kwana, shi kuwa makaminsa muryarsa ce, ta na'urar magana da ke cikin hular kwano, sai kuma ishara da hannu. Don haka ake koya wa malamai gajerun kalmomi: taka birki, saki, juya, ba ta wuta. Dogon bayani sai an fito.

Haɗarin wannan kujera ba zato ba ne. A watan Oktoban 2013, Sean Edwards, ɗan tseren Birtaniya mai shekara 26 wanda a shekarar ya lashe tseren awa 24 na Nürburgring a Jamus, ya rasu a filin Queensland Raceway na Ostireliya yana zaune a gefen wani da yake koya wa tuƙi. Rasuwarsa ce ta zama sanadin kafa gidauniyar Motorsport Safety Foundation, wadda daga baya ta fito da tsarin tantance malamai da ba su shaidar ƙwarewa. Idan gwani irinsa bai tsira ba, to a fili yake cewa ƙwarewar malami kaɗai ba ta isa kariya. Tsarin da aka gina a kewayensa shi ne kariyar.

Tsarin kuwa yana farawa tun kafin ranar. Dole makanike ya duba motar kowane ɗalibi: birki, da man birki, da tayoyi, da ƙafafun mota, a cike takarda a sa hannu. Da safe a sake dubawa a bakin fili, a kwashe duk wani abu da zai iya yawo a cikin motar, har da tabarmar ƙafa. Dole hular kwano ta cika ƙa'idar da aka gindaya. Sannan kowa ya halarci taron direbobi, inda ake maimaita ma'anar tutoci: rawaya na nufin akwai haɗari a gaba, a rage gudu, ba wucewa, ja na nufin a tsaya, baƙa kuma kira ne ga direba ya fito domin a yi magana da shi.

Bayan haka sai rabon rukuni. Ana kasa direbobi gwargwadon gogewarsu, daga sababbin shiga zuwa ƙwararru, sau da yawa da launuka, kore ga 'yan farko. Kowane rukuni na shiga fili na kimanin minti 20 zuwa 30, sau uku ko huɗu a rana, tsakani kuma akwai darasi a aji. A rukunin 'yan koyo ba a wuce mota sai a miƙaƙƙen wuri da aka ayyana, kuma sai direban gaba ya miƙo hannu ta taga ya nuna gefen da za a bi. Wannan ƙa'ida guda ta kawar da gardamar da ke haddasa karo a tsere na gaske.

Aiki mafi wuya yana kan shugaban malamai da mai rajista, domin su ne ke haɗa kowane ɗalibi da malaminsa. Ba a yin haɗin da ka. Porsche 911, mai inji a baya, tana da halinta a kwana, don haka gara a ba ta wanda ya saba da ita. Ɗalibi mai tsoro yana buƙatar malami mai haƙuri, mai rawar kai kuma yana buƙatar wanda zai iya tsawata masa. Idan aka ba malami ɗalibai biyu, dole su kasance a rukuni daban-daban, shi ma a bar masa lokacin hutu, domin gajiyayyen malami haɗari ne. Malami ɗaya ya fasa zuwa da daddare, sai jadawalin ya rushe a sake lissafi kafin gari ya waye. A ƙarshen rana malami ya rubuta rahoto a kan ɗalibinsa, kuma ba a barin kowa ya yi tuƙi shi kaɗai ko ya haura rukuni sai wani babban malami ya zauna da shi ya gwada shi.

Duk da haka akwai ƙalubale. Motocin da ake sayarwa a kasuwa yanzu sun fi na shekarun baya ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma na'urorinsu na hana santsi sukan ɓoye kurakuran direba har ya ɗauka shi gwani ne. Wannan ya sa wasu malamai ke ɗari-ɗarin shiga motar baƙo, wasu masu shiryawa kuma suka koma ga tsarin da malami ke gaba a motarsa, ɗalibai na bin sawunsa. Tsarin ya kare malami, sai dai ya raba ɗalibi da mai ganin hannunsa da idonsa a lokacin da yake kuskure. Ga kuma batun inshora, domin yawancin inshorar mota ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar da aka yi a filin tsere, sai mutum ya sayi ta musamman. A ganina, ƙungiyar da ke son ɗorewa wajibi ne ta ba malami cikakken ikon dakatar da ɗalibi, ko ƙin shiga motar da bai aminta da ita ba, ba tare da an zarge shi ba.

Amfanin wannan gogewa bai tsaya ga masu motocin alfarma ba. Gidauniyar ƙungiyar BMW na gudanar da shirin Street Survival, inda irin waɗannan 'yan sa-kai ke koya wa matasa taka birkin gaggawa da kauce wa cikas da sarrafa mota a kan santsi, cikin motocin da suke hawa kullum.

A nan ne batun ya shafe mu. Kowa ya san yadda samari ke wasan ganganci da motoci a titunan biranenmu, musamman lokacin bukukuwan aure, da yadda abin kan ƙare da makoki. Sha'awar gudu ɗaya ce a nan da can. Abin da ya bambanta shi ne can an keɓe mata wuri, an sa mata malami da tuta da motar asibiti, an kuma samu manya da suka sadaukar da hutunsu domin zama a gefen na baya. Kame da tara suna da muhimmanci, amma rigakafi ya fi magani. Masu sha'awar motoci da ke da hali, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da gwamnatocin jihohi, za su iya fara tunanin killataccen fili da ƙwararrun masu koyarwa, ko da darasin farko bai wuce yadda ake tsayar da mota lafiya ba.