SOCOGEM: kamfanin da gobara ta haifa

A watan Maris na 1982 gobara ta cinye babbar kasuwar Yamai, wadda Zabarmawa ke kira Habu Bene. Rumfuna sun zama toka, dukiyar fatake da ƴan koli ta salwanta. Gwamnatin Seyni Kountché ta yanke shawarar sake gina ta da siminti da ƙarfe, aka kuma kafa SOCOGEM, wato kamfanin gina kasuwanni da kula da su.

An buɗe sabuwar kasuwar a farkon 1987, kewaye da katanga da manyan ƙofofi. Daga nan zaman kasuwa ya sake salo. Wanda a da yake kafa rumfarsa da hannunsa ya koma ɗan haya a shago mai lamba, yana biyan kamfani kuɗi, kamfani kuwa ya ɗauki nauyin tsaro, shara da gyara.

Sai dai siminti bai hana wuta komawa ba. A 2009 gobara ta sake lashe wani ɓangare na kasuwar, a 2012 kuma ƙaramar kasuwa, Habu Ganda, ta ƙone ƙurmus. Duk inda teburan saye da sayarwa suka toshe hanyoyi, aka ja wayoyin lantarki barkatai, motar kashe gobara ba ta samun mashiga. Wannan shi ne babban aikin mai karɓar haya, domin ɗan kasuwar da bai da inshora, dare ɗaya ya isa ya raba shi da jarinsa.