Wasan Takobi da Tarbiyyar 'Ya'yanmu

Yau za mu yi magana a kan wani wasa da na san da yawanmu da jin sunansa gabanmu zai faɗi, wato wasan takobi. Turawan Ingila suna ce masa fensin, 'yan uwanmu na Nijar kuma sun fi saninsa da sunan Faransanci, eskirim. Wata za ta ce, haba, muna fama da 'yan daba da sara-suka a unguwa, sannan a ce mu bai wa yaro takobi? To, 'yar uwa ki ɗan saurara tukuna.

Da farko dai takobin wasan ba shi da kaifi, bakinsa kuma a dakushe yake, kuma yana lanƙwasa idan ya taɓa jiki. Iri uku ne, wanda ya fi nauyi a cikinsu ma bai kai kilo 1 ba. Mai wasa yana sa hular raga ta ƙarfe da ke rufe fuska da wuya, da farar riga mai kauri, da safar hannu, da doguwar safa. Mutum biyu ne ke karawa a kan fili mai tsawon mita 14. Abin da ake nema shi ne ka taɓa abokin wasanka kafin ya taɓa ka, na'ura ta kunna fitila, alƙali ya ba da maki. A zagayen farko wanda ya riga kai maki 5 shi ya ci, a zagayen sallama kuma sai an kai 15. Tun 1896 ake yin sa a gasar Olamfik, mata kuma suka shiga a 1924.

To ina amfaninsa ga yaro? Na ɗaya, lafiyar jiki: ƙafafu su yi ƙarfi, numfashi ya daɗu, ido da hannu su saba aiki tare. Na biyu, kuma shi ne babba, wasan ba ya ƙaunar mai zuciya. Yaron da ya fusata ya afka ido rufe, shi ake fara taɓawa. Sai ya tsaya ya karanci abokin karawarsa, ya jira lokacin da ya dace. Da haka a hankali yake gane cewa zafin kai asara yake jawo masa. Na uku, ladabi. Doka ce a gai da abokin wasa da alƙali kafin a fara, a kuma sake gaisawa bayan an gama, ko kai aka kayar. Da alƙali ya ce a tsaya, kowa sai ya tsaya cak. Ashe kun ga icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda wannan ne a garin Thies na ƙasar Senegal wata ƙungiya take koya wa yaran da ke tsare a gidan yari wannan wasa, maza da mata, domin su koyi bin doka da danne fushi kafin su koma cikin jama'a.

Amma abin da na fi so mu lura da shi, shi ne rawar da iyaye mata suka taka. A Amurka an yi wani baƙar fata mai suna Peter Westbrook, wanda ya tashi a unguwar talakawa mai yawan faɗace-faɗace a birnin Newark. Mahaifiyarsa ce ta riƙa ba shi dala 5 don ya je ya koyi wasan, saboda ta raba shi da yawon titi. A 1984 ya ci lambar tagulla a Olamfik. A 1991 ya buɗe ƙungiya a birnin New York inda 'ya'yan marasa ƙarfi ke taruwa ranar Asabar, ana koya musu wasan, ana kuma taimaka musu da darasin makaranta, manyan da suka ƙware suna koyar da ƙanana. Ya rasu a 2024.

A wannan ƙungiya ce wata yarinya Musulma, Ibtihaj Muhammad, ta goge. Ita ma mahaifiyarta ce ta hango wasan, ta ga kayansa sun rufe jiki daga sama har ƙasa, ta ce ga wanda 'yarta za ta yi ba tare da ta ajiye hijabi ba. Ta fara tana da shekara 13. A 2016 ta zama mace ta farko da ta wakilci Amurka a Olamfik da hijabi, har ita da abokan wasanta suka ci tagulla. Mu kuma tuna, ya tabbata a hadisi cewa Habashawa sun yi wasa da masu a masallacin Madina, Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana kallo daga bayan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi.

Gaskiya kayan wasan suna da tsada, shi ya sa ƙungiyar unguwa take da amfani: a sayi kaya kaɗan, yara da yawa su riƙa karɓa-karɓa. Wasan ya fi ƙarfi a Masar da Tunisiya, amma ya fara matsowa, don a 2025 a Legas aka yi gasar Afirka.

To ke da kike cikin gida, mene ne naki? Idan aka buɗe irin wannan ƙungiya kusa da ku, ko ma ta wani wasan daban, ki shawarci maigida ya je ya gani da idonsa. Wane ne malamin, an san halinsa? Akwai hular kariya ga kowane yaro? Lokacin bai ci karo da Islamiyya da salla ba? Idan 'ya mace ce, akwai malama da wurin sauya kaya na mata? Idan yaro ya dawo, ki tambaye shi wa ya kayar da shi yau, kuma ya miƙa masa hannu? Amsarsa za ta nuna miki abin da ake koya masa.

Sai gargaɗi guda: kada ki bari yara su kwaikwayi wasan a tsakar gida da kara ko sanda ko tsinken tsire. Babu hula babu wasa, ido ba shi da na canji.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa su zama sanyin idanunmu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.