Mai Gadin Da Ke Cafke Ƙarfe A Cikin Jini

Duk wanda ya taɓa barin fartanya a waje da damina ya san aikin tsatsa. Abin da ƙarfe da iska ke yi wa fartanya, irinsa ne ke iya samun ƙwaƙwalwa idan jijiya ta fashe a ka.

Jajayen ƙwayoyin jini na ɗauke da haimogulobin, sinadarin da ke jigilar oksijin, kuma kowane haimogulobin ɗaya na riƙe da ƙwayar ƙarfe huɗu. Muddin yana cikin ƙwayarsa, lafiya lau. Amma idan jini ya kwarara cikin kai, bayan 'yan kwanaki ƙwayoyin sai su farfashe, haimogulobin ya fito tsirara. Daga nan ƙarfen kan shiga cin kitsen da ya lulluɓe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, kamar yadda man gyaɗa kan lalace ya canza wari idan ya daɗe a buɗe. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da juriya a nan: nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana shan kusan kashi 20 na oksijin, ga ta shaƙe da kitse.

Hanta tana ƙera wani furotin mai suna haftogulobin, wanda masana biyu, Polonovski da Jayle, suka gano a Faransa a 1938. Da zarar ya ci karo da haimogulobin da ya ɓalle, sai ya rungume shi ƙam, har fararen ƙwayoyin jini su zo su kwashe su tare. Matsalar ita ce, a jini yake da yawa, a ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa kuwa ɗan kaɗan ne, nan da nan yake ƙarewa.

A 2019 masu bincike a Zurik ta ƙasar Suwizalan sun zuba shi kai tsaye cikin ruwan ƙwaƙwalwar tumaki, suka ga jijiyoyin jini sun daina tsukewar da haimogulobin da ya ɓalle ke jawowa. To amma tunkiya ba mutum ba ce, kada kowa ya nufi kemis nemansa.

Abin da ya sa na ga batun ya shafe mu shi ne sikila da zazzaɓin cizon sauro. Dukansu suna farfasa jajayen ƙwayoyi babu ƙaƙƙautawa, har haftogulobin ya kusan ɓacewa daga jinin mai ciwon, ga shi yara masu sikila na cikin waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta fi kamawa.