Jinyar da Fasto Rick Warren da Matarsa Suka Yi

A shekarar 2013 da wuya a samu fasto a Amurka da ya kai Rick Warren suna. Shi ya kafa cocin Saddleback a jihar Kalifoniya a 1980, littafinsa The Purpose Driven Life ya shiga hannun miliyoyin mutane, kuma shi aka gayyata ya yi addu'a ranar rantsar da Barack Obama a 2009. A cikin gida kuwa, shi da matarsa Kay jinya suke yi wadda ba kowa ya sani ba.

Autansu Matthew yana ɗan shekara 7 likitoci suka ce ciwon damuwa ne mai tsanani ya kama shi. Ya girma da shi har ya zama cikakken mutum, cutar na ƙaruwa. Babu abin da iyayen ba su yi ba: manyan likitocin ƙwaƙwalwa, magani iri-iri, ga addu'a ba dare ba rana. Wahalar jinyar babban ɗa kuwa daban ce. Ba yaro ba ne da za a saɓa a kafaɗa a kai asibiti, kuma doka ta ba shi ikon cewa a'a. Uban ya ba da labarin ranar da Matthew ya tambaye shi: tunda ya san sama za shi, me zai hana ya mutu ya huta? Bayan wannan tambayar sai da ya ƙara jurewa kimanin shekara goma.

Kay tana da ɗan akwati da ta cika da ayoyin Littafi Mai Tsarki. Kullum sai ta buɗe ta karanta, tana sa rai ɗanta zai warke. Ran 5 ga Afrilu, 2013, kwana biyar bayan Ista, Matthew ya kashe kansa yana da shekara 27. Ta daɗe ba ta iya buɗe akwatin ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ba su rufe maganar ba. Washegari Rick ya sanar da ikkilisiya gaskiyar abin da ya faru, alhali wasu a intanet suna ta jifansu da baƙar magana, har da masu cewa yaron ɗan wuta ne. Wannan rashin imani ne, ko daga bakin wa ya fito. Sai ƙarshen Yuli ya koma yin wa'azi, ya ce wa jama'a ciwo ba zunubi ba ne: wanda zuciyarsa ko hantarsa ta samu matsala yana shan magani ba tare da jin kunya ba, to don me za a ɓoye mai ciwon ƙwaƙwalwa? Mu ma da muke saurin cewa aljanu ne ko sammu, tambayar ta shafe mu.

A watan Maris na 2014 Kay ta yi rubutu a Facebook tana roƙon mutane su daina ce wa masu makoki su manta su ci gaba da rayuwa, domin ita da mijinta ba za su koma yadda suke a da ba. A ƙarshen watan suka haɗa kai da Bishop Kevin Vann na ɗariƙar Katolika, suka kira taro a Saddleback kan coci da lafiyar ƙwaƙwalwa. Mutane fiye da 3,000 suka zo, fastoci da likitoci da iyayen da har yanzu suke jinyar nasu 'ya'yan.